Haukan kare a karkara: guba za a zuba ko allura za a yi?

Wani malamin makarantar firamare daga wani ƙauye a ƙasar Madarunfa ya aiko da wannan tambaya: "Mako biyu da suka wuce wani baƙon kare ya shigo garinmu, ya ciji yara biyu da akuya ɗaya, ya kuma yi faɗa da karnukan gari kafin samari su kashe shi. Yanzu gari ya rabu biyu. Wasu sun ce a zuba guba a kashe duk karen da ke garin a huta, mafarauta da masu garke kuwa sun ƙi. Na ji ana yi wa kare allurar rigakafi, amma dattawa dariya suke yi, suna cewa yaran gari ma ba su gama samun allura ba balle kare. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma ta yaya zan fahimtar da mutane?"

Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka ɗauki wannan al'amari da muhimmanci har ka rubuto. Kafin in taɓa maganar guba ko allurar karnuka, akwai abin da ya fi su gaggawa wanda ban ga ka ambata ba: shin an kai yaran nan biyu likita an fara yi musu allurar haukan kare? Idan ba a kai su ba, ina roƙonka ka ajiye wannan amsa ka je wurin iyayensu yau, ka raka su gidan likita mafi kusa, in kuwa babu maganin a can a karɓi takarda zuwa asibitin gunduma ko zuwa cikin Maradi. Mako biyu jinkiri ne, amma muddin alamun ciwon ba su bayyana ba akwai sauran dama, kuma ko da raunin ya warke ya bushe sai an yi allurar. Baƙon karen da ya shigo gari yana cizon mutum da dabba ba tare da an tsokane shi ba, mu likitocin dabbobi mahaukaci muke ɗaukarsa har sai gwaji ya wanke shi, kuma tunda an kashe wannan ba a kai kansa gwaji ba, babu sauran abin da zai wanke shi. Ka kuma bincika cikin lallashi tsakanin ɗalibanka ko akwai wanda karen ya yakusa, ko ya lasa a kan gyambo, ya ɓoye don tsoron duka. Haka nan samarin da suka kashe shi suka ja gawarsa da hannu, duk wanda yawun karen ya taɓa masa ƙujewa ko ido ko baki, shi ma ya je likita ya duba shi.

Dalilin wannan gaggawa yana cikin yadda ciwon yake tafiya a jikin mutum. Ƙwayar cutar tana cikin yawun karen, haƙori kuma shi ke buɗe mata hanya. Idan ta shiga ba ta bin jini kamar yadda zazzaɓin cizon sauro yake yi, jijiyoyi take bi sannu a hankali daga wurin cizon zuwa laka, daga laka zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya takan ɗauki wata 2 zuwa 3, ko da yake takan gajarce har zuwa mako 1 ko ta yi tsawo har shekara, gwargwadon zurfin raunin da kusancinsa da kai. Shi ya sa yaro ya fi babba shiga haɗari, don tsayinsa daidai bakin kare yake, cizon yakan same shi a fuska ko wuya ko hannu, inda jijiyoyi suke da yawa kuma hanya take gajera. Duk tsawon wannan lokaci yaron lafiyarsa ƙalau, yana ci yana wasa yana zuwa makaranta, iyaye kuma sun daɗe da yin hamdala sun manta. Allurar da ake yi bayan cizo aikinta ta koya wa jiki ya tare ƙwayar tun tana kan hanya. Idan ta riga ta isa ƙwaƙwalwa, sai a ga zazzaɓi da ƙaiƙayi ko zogi a tsohon tabon, sai rashin natsuwa da firgita, sai maƙogwaro ya riƙa shaƙewa da zarar an miƙo ruwa alhali ƙishirwa tana cin mai ciwon, har iskar mafici ma takan tayar masa da hankali. Kimanin ɗaya cikin biyar kuwa ba sa yin wannan fizge-fizge, jikinsu ne yake shanyewa daga ƙafa zuwa sama. Daga nan babu asibitin da ke da magani, a Yamai ne ko a Faransa, kuma cikin ƴan kwanaki rai yake yin halinsa. Na taɓa tsayawa a kan yaro a wannan hali, hankalinsa yana dawowa lokaci-lokaci yana gane mahaifiyarsa yana roƙonta ruwan da ba zai iya haɗiyewa ba, kuma ba na fatan wani mahaifi ya ga irin wannan rana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ƙiyasi ne aka yi, domin mafi yawan masu mutuwar a gida suke mutuwa, a ce iskoki ne ko sammu, ko a ɗauka zazzaɓi ne ya hau kai, ba wanda ya tuna da cizon watanni uku baya balle ya rubuta.

Abu na farko da ya kamata kowane gida ya sani ba ya bukatar ko dala. Da zarar kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa ana kwarara shi, na tsawon minti 15 cur. Minti 15 ya fi yadda mutane suke zato tsawo, buta ɗaya ba ta isa, sai an jawo bokiti ana cuɗawa ana zubawa, yaro yana kuka ana ci gaba. Ƙwayar tana da rufi na maiƙo wanda sabulu yake narkarwa, saboda haka wannan wanki kaɗai yana rage haɗarin ƙwarai. Bayan nan a shafa aidin in akwai, kada a ɗaure wurin tamau, kada a ɗinke, a nufi likita a ranar. Allurar yanzu a dantse ake yinta, ƙananan yara kuma a cinya, ranar farko da rana ta 3 da ta 7, a wani tsarin kuma a ƙara ɗaya tsakanin rana ta 14 da ta 28. Dattawan da suke tuna allurai goma sha a fatar ciki, tsohon magani suke tunawa wanda aka daina. Mace mai ciki da mai shayarwa da jariri duk ana yi musu. Idan haƙori ya huda fata har jini ya fita, akwai wani magani na biyu, ruwan garkuwa da ake tsirawa cikin raunin kansa ranar farko don ya riƙe ƙwayar kafin allurar ta fara aiki. Yana da tsada kuma yana wuyar samu, amma a tambaya, kuma rashinsa kada ya hana a yi allurar.

Na san za a ce maka akwai mai magani a gari kaza wanda duk wanda aka kai masa ya warke, ko a ce an ƙona gashin karen an shafa, ko an sa barkono da toka an sha rubutu, kuma ga mutumin nan yana yawo. Kada ka ƙaryata su, domin abin da suka gani da idonsu suke faɗa, sai dai ka warware musu lissafin. Mafi yawan karnukan da ke cizo ba mahaukata ba ne, karya ce mai jego ko kare ne da aka taka wa wutsiya. Ko a cikin waɗanda mahaukacin kare na gaske ya ciza ba a yi musu komai ba, binciken da aka yi a Tanzaniya ya nuna kimanin ɗaya cikin biyar ne ciwon yake kamawa, saboda wani ta kan riga aka cije shi, wani kuma yawun bai shiga sosai ba. Ke nan duk abin da mai magani ya bayar, ko ruwan randa ne, mafi yawan mutanensa za su rayu a yaba masa, wanda ya mutu bayan wata uku kuma a ce kwanansa ne ya ƙare. Matsalar ita ce babu wanda ya isa ya duba yara biyar ya nuna wanda zai zama na biyar ɗin. Ba na hana kowa addu'a ko rubutu, amma a yi su a kan hanyar zuwa likita, kuma kada a tura barkono ko toka cikin rauni.

Yanzu ga dariyar dattawa, wadda a ganina tambaya ce mai ma'ana da ta cancanci amsa cikin ladabi. Kusan duk mutumin da ya kamu da wannan ciwo, har kashi 99 cikin 100, daga kare ya same shi. Mutum ba ya baza shi a gari, saniya da jaki da akuya su ma yawanci a kansu yake tsayawa. A tsakanin karnuka yake zaune, daga wannan ya koma wancan, mu da dabbobinmu kuwa tartsatsi ne kawai yake faɗo mana. Saboda haka ko da za a yi wa duk wanda aka ciza allura kyauta har abada, ciwon yana nan daram cikin karnuka, baɗi ma a sake cizon wasu, kuma dole wata rana a samu wanda bai zo da wuri ba. Allurar da aka yi wa kare, yaron gidan aka yi wa ita ta hanyar da ta fi arha. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jinyar mutum ɗaya bayan cizo, in an haɗa da kuɗin mota da aikin da aka bari, takan kai dalar Amurka 108, kuɗin da zai yi wa karnuka gommai allura. Ka tambayi dattawan buhun hatsi nawa ko awaki nawa iyayen yaran nan za su sayar kafin su gama zirga-zirgar Maradi, za ka ga dariyar ta ragu.

Abin da ya sa nake da ƙarfin gwiwa a kan allurar karnuka shi ne wannan ciwo, duk da muninsa, raggo ne wajen yaɗuwa. Yaro ɗaya mai ƙyanda yana iya harbin yara fiye da goma, amma mahaukacin kare ɗaya, in an daidaita lissafi, tsakanin kare ɗaya da biyu yake harba kafin ya mutu, don kwanakin haukansa kaɗan ne. Idan ya zamana mafi yawan karnukan da zai ciza suna da rigakafi, sai ciwon ya rasa inda zai sauka ya mutu tare da shi, kamar wutar daji da ta iso inda aka share. Ma'aunin da aka amince da shi a duniya shi ne a yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 allura, a kuma maimaita kowace shekara. Dalilin maimaitawar yana da sauƙin ganewa ga duk wanda ya zauna a ƙauye, domin karen karkara ba ya daɗewa, kuma karya ba ta fashin haihuwa. A ɗauka misali garinku yana da kare 100 aka yi wa 70. Kafin shekara ta zagayo wasu sun mutu, wasu an bayar, wasu fatake sun saye, ƴan kwikwiyo sun maye gurbinsu, mai yiwuwa masu rigakafin su koma 40 ko 45, kuma wannan adadi yana iya riƙe gari har a sake zagayowa. In kuwa da 40 aka fara, kafin kaka ta dawo sun koma ashirin da ƴan kai, ciwon ya samu hanya. Don haka aikin da aka yi rabi da rabi, ko aka yi shekara ɗaya aka watsar, yakan jawo mutane su ce an gwada allura ba ta yi amfani ba.

An gwada wannan a wurin da ya yi kama da namu. A birnin Njamena na ƙasar Cadi an yi gangamin allurar karnuka kyauta a 2012 da 2013, aka haura kashi 70 cikin 100 duk shekarun biyu, kuma yaɗuwar ciwon ta tsaya har aka yi watanni ba a samu kare mai shi ba. Daga baya ya dawo, kuma da aka binciki irin ƙwayar sai aka ga daga wajen birnin aka shigo da ita. A wannan birni dai an taɓa gwada sa masu karnuka su biya wani ɓangare na kuɗin, sai kusan ɗaya cikin huɗu kawai aka samu. Darasi biyu na ɗauka daga nan, kuma duka sun shafe ku: allurar ta zama kyauta ga mai kare, sannan gari ɗaya ba ya tsira shi kaɗai. Ƙasar Meziko kuwa, da ta dage shekara da shekaru tana wannan gangami, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ta kawar da mutuwar mutane ta hanyar haukan kare.

Guba kuma, na fahimci abin da ya sa take jan hankali, domin wanda aka ciji ɗansa yana son ya ga an yi wani abu yau. Amma na ga abin da take haifarwa. Naman da aka sa wa guba, karen gida mai sakin jiki da mutane shi ke fara cinsa, wato wanda ya fi sauƙin kamawa a yi masa allura, mahaukacin kuwa sau da yawa ba ya ma iya haɗiya. Da zarar labari ya bazu, mafarauci da makiyayi ba za su zauna a kashe musu karnuka ba, cikin dare za su kai su wurin dangi a wani ƙauye, kuma idan a cikinsu akwai wanda baƙon karen nan ya ciza, kun aika wa maƙwabta ciwon da hannunku. Bayan wata biyu ko uku, juji yana nan, mayanka tana nan, ɓarayin awaki da dila ba su daina zuwa ba, sai mutane su nemo sababbin ƴan kwikwiyo daga kasuwanni da rugage waɗanda ba a san tarihinsu ba, karnukan daji kuma su shigo wurin da babu mai korarsu. A tsibirin Bali na ƙasar Indunisiya, da ciwon ya shiga a 2008, kisan karnuka aka fara da shi bai tsayar da komai ba, sai da aka koma allurar gama-gari a 2010 mutuwar mutane ta fara raguwa. Ban da wannan, gubar ba ta zaɓe. Kyanwa da kaji suna ci, ungulu ta ci gawar ta mutu, ga yara masu tsince-tsince a bola. Tsohon karen gari mai rigakafi, wanda ya san kowa kuma yake korar baƙon kare daga unguwa, katanga ne a gare ku, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Sai dai akwai gaskiya a cikin tsoron masu neman guba, kuma kada a yi wasa da ita. Karnukan da suka yi faɗa da baƙon karen nan su ne haɗarin garinku a yanzu, domin a jikin kare ciwon yakan bayyana daga mako biyu zuwa ƴan watanni. A zauna gaban mai gari a tantance su ɗaya bayan ɗaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda aka tabbatar an cije shi kuma bai taɓa samun allura ba, shawarar da ta fi aminci ita ce ma'aikacin kiwo ya kashe shi ba tare da azabtarwa ba. In mai shi ya ƙi, to a tsare shi a ɗaure inda yaro ko wata dabba ba za su kai gare shi ba har wata 6, kuma na san a ƙauye wannan yana da wuyar cikawa. Alamun da za a sa wa ido su ne sauyin hali, kare mai fara'a ya koma ɓuya ko mai tsoro ya koma kusantar mutane, cizon itace da dutse da igiyarsa, dushewar haushi, muƙamuƙi ya saki yawu yana dalala, ƙafafun baya su fara ja. Kada a jira ganin yana tsoron ruwa, wannan alamar mutum ce. Idan aka kashe kare da ake zargi, kada a farfasa kansa, kada a taɓa shi da hannu tsirara, a kira ma'aikatan kiwo su ɗauki kan zuwa gwaji, akwai babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na LABOCEL a Yamai, sauran gawar kuma a binne ta da zurfi. Karen gida kuwa da ya ciji mutum alhali yana da lafiya, kuskure ne a kashe shi nan take. A ɗaure shi a ba shi ci da sha kwana 10, a tsarin Faransa har 15, domin karen da yawunsa ke ɗauke da ƙwayar ranar cizon ba ya wuce waɗannan kwanaki bai nuna alama ba. Wanda aka ciza dai ya fara allurarsa tun ranar farko, ba ya jiran sakamakon.

Game da shirya allurar, ga yadda zan yi da ni ne kai. Ka fara da ƙidaya, kuma kana da ma'aikatan da babu wanda ya kai su, wato ɗalibanka. Babba zai ce maka gidansa babu kare alhali ga shi kwance a zaure, don a ganinsa na yara ne, amma yaro ya san kowane kare da sunansa da gidan da yake kwana da karyar da ta haihu a bayan rumbu. Ka mai da shi darasin lissafi, unguwa-unguwa, har da rugagen da ke kewaye. Da wannan adadi a hannu, kai da mai gari ku je wurin ma'aikacin kiwo na ƙaramar hukuma da shugabanta, ku kai rahoton cizon a rubuce, ku nemi a kawo maganin. Kowace shekara ana zagaya jihar Maradi da rani ana yi wa shanu allurar ciwon huhu, awaki da tumaki kuma ta annobarsu, da ma'aikata da akwatunan sanyi da babura, kuma ina ganin babu abin da ya fi dacewa kamar a nemi a haɗa karnuka a wannan zagaye. Ku gayyaci ƙauyukan da ke kewaye da ku tun farko, domin mahaukacin kare yana cin kilomita da yawa a yini, kuma a yankinku da ke bakin iyaka, inda mutane da dabbobi suke kai da kawo ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, kare ba ya nuna takarda.

A zaɓi lokacin sanyi bayan an gama kaka, kafin mafarauta su bazu daji, a ranar da babu makaranta kuma ba ranar kasuwa ba, a fara da sassafe. Yara ne za su kawo karnukan, don su kare yake yarda da su, kowa da igiyarsa, a jera su da tazara saboda faɗa. A yi wa ƴan kwikwiyo ma, da karya mai ciki, domin ƙananan su ne yara suka fi runguma. Duk wanda aka yi wa a shafa masa fenti a goshi ko a ɗaura masa ƙyalle a wuya, a ba mai shi kati, a rubuta a littafin da zai zauna wurin mai gari. Washegari ɗalibai su zagaya su ƙirga masu fenti da marasa fenti, in ba a kai 7 cikin 10 ba a bi gida-gida a cike. Akwai gargaɗi ɗaya da nake so a yi a bainar jama'a tun kafin a tsira allurar farko. Maganin matacciyar ƙwaya ce, ba ya haukata kare, ba ya rage masa gudu ko hanci a farauta, ba ya hana karya haihuwa, amma kuma ba ya warkar da karen da ciwon ya riga ya shige shi. A gari irin naku da mahaukacin kare ya ratsa kwanan nan, yana yiwuwa wani kare ya haukace bayan an yi masa allura saboda cizon da ya samu tun kafin ta, kuma in ba a faɗa tun farko ba, allurar za a ɗora wa laifi, baɗi ba wanda zai kawo nasa.

Wajen fahimtar da mutane, kada ka tsaya kai kaɗai a gaban gari kana karanta takarda. Ka fara da liman, domin da yawa suna ganin kula da kare abin ƙyama ne a addini, shi kuwa ya fi ni sanin cewa shari'a ta halatta riƙon kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, da kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ajiye dabba, haƙƙinta da haƙƙin maƙwabta a kanta suna wuyansa, kuma jimla biyu a huɗubar Juma'a sun fi yini guda na jawabinmu. Sai shugaban mafarauta da arɗo, waɗanda a yanzu su ne suka fi kowa son a samu mafita wadda ba guba ba, in suka kawo nasu karnukan a gaban jama'a sauran za su biyo. Wanzami da mai maganin gargajiya kuma kada a mai da su abokan gaba, tunda wurinsu ake fara zuwa, a roƙe su abu biyu kawai, su wanke rauni da sabulu su kuma tura mutum likita a ranar. Mata su ne ke gida lokacin da yaro zai shigo da kuka, saboda haka maganar minti 15 ta isa wurin awo da gidan biki da bakin rijiya. A aji kuwa ka koya wa yara kada su jefi kare, kada su taɓa shi yana ci ko yana barci ko yana shayarwa, in baƙon kare ya nufo su su tsaya cik su kawar da ido maimakon gudu, kuma ka yi musu alkawari a gaban iyayensu cewa duk wanda ya faɗi an cije shi ba za a doke shi ba. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, ranar da Luwi Fasto ya rasu, masanin nan na Faransa da ya fara ceton wani yaro ɗan shekara 9 da allura a 1885, kuma hukumomin lafiyar mutane da na dabbobi na duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son a daina mutuwa da shi. Kana iya amfani da wannan rana ka nemi fili a rediyon karkara, ko da yake ku ba za ku jira ta ba.

Saura akuyar. A ware ta daga garke a ɗaure ta ita kaɗai, kada a kai ta kasuwa don a rabu da ita, kada kuma a yanka ta yanzu, a sa mata ido har wata 6 tare da sanin ma'aikacin kiwo, nononta kuma a tafasa shi kafin a sha. Ka gaya wa masu dabbobi da mahauta cewa a jikin saniya ko jaki ko akuya ciwon yakan zo da kuka marar yankewa da dushewar murya, da yawu mai dalala, da yunƙuri kamar na kashi, da kasa haɗiya, har mai ita ya rantse leda ce ko ƙashi ya maƙale mata. Na sha samun magidanci ya naɗe hannun riga ya zura hannu har gwiwa cikin bakin sa yana lalube, ga tsagar ƙaiƙayi da ƙaya a yatsunsa. Duk dabbar da ta yi haka a garinku cikin watannin nan, kada kowa ya sa mata hannu a baki, kada a yi saurin sa mata wuƙa don a ceci nama, domin mai fiɗa da mai fasa kai su ne suke taɓa yawu da ƙwaƙwalwa. A ɗaure ta daga nesa a kira ma'aikacin kiwo, wanda kuma ya riga ya taɓa bakinta ya wanke hannunsa da sabulu minti 15 ya bi yaran nan zuwa likita.